Yadda aka riƙa sayar da giyar inabi bisa doka a lokacin da Amurka ta haramta giya

Daga ranar 17 ga Janairu 1920 har zuwa 5 ga Disamba 1933, kusan shekara goma sha huɗu kenan, giya haramtacciya ce a Amurka, kuma ba wata ƙaramar dokar jiha ce ta haramta ta ba, a cikin kundin tsarin mulkin ƙasar aka rubuta, shi ne gyara na 18. To amma a cikin waɗannan shekarun dai akwai kamfanonin da suke matse inabi suna yin giya da lasisin gwamnati a hannunsu, akwai likitocin da suke rubuta wa mutum giya a takarda ya je kemis ya karɓo, gonakin inabi na Kalifoniya kuwa maimakon su mutu sai ma suka kusa ninkawa. Wannan fa ba labarin 'yan fasa-ƙwauri ba ne, ba labarin Al Capone da yaransa na Shikago ba ne, su nasu laifi ne ƙiri-ƙiri kowa ya sani. Wanda nake so mu duba shi ne cinikin da aka yi da rana tsaka, da takarda da hatimi, wanda ɗan sanda ba shi da ikon taɓawa.

Abin da na fahimta, kuma shi ne abin da ya fi tsaya min a rai, ƙofofin da aka bari a cikin dokar nan ba mantuwa aka yi ba, da gangan aka bar su, don su ne farashin da aka biya kafin dokar ta samu wucewa. Kowace ƙofa idan ka duba za ka ga akwai wasu masu ƙarfi a bayanta, ko manoma masu ƙuri'a, ko coci, ko likitoci. Wanda bai samu ƙofa ba shi ne leburan birni.

Bari mu fara da ita dokar. Gyara na 18 gajere ne, ya hana yin abin sha mai sa maye da sayar da shi da safararsa da shigo da shi ko fitar da shi daga ƙasa. Bai hana sha ba, bai hana saye ba. Sai majalisa ta yi dokar da za ta fayyace yadda za a aiwatar, wadda ake kira dokar Volstead, da sunan Andrew Volstead ɗan majalisa daga Minnesota, duk da dai kowa ya san mai ƙarfin hannu a rubuta ta shi ne Wayne Wheeler, lauyan ƙungiyar Anti-Saloon League masu yaƙi da mashaya. Shugaba Woodrow Wilson ya ƙi sa hannu, majalisa ta tsallake shi ta tabbatar da ita ranar 28 ga Oktoba 1919. Wannan doka ce ta ce duk abin shan da barasar cikinsa ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, to mai sa maye ne. Mutane da yawa da suka goyi bayan haramcin sun ɗauka wuski da irin su kawai za a hana a bar musu biya, wato giyar sha'ir, da giyar inabi, sai suka wayi gari an haɗa da komai.

Tun daga nan aka fara nuna bambanci. Dokar ta ce duk giyar da ka saya ka ajiye a gidanka kafin ranar fara aiki taka ce, ka sha da iyalinka da baƙinka. Kuma an ba mutane shekara guda cur, don an kammala amincewa da gyaran ne a Janairun 1919. Mai kuɗi ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kwalabe na shekaru, shi kuwa wanda yake karɓar albashi mako-mako da me zai yi sari?

Ƙofa ta farko ta addini ce. Ga wanda bai sani ba, a cocin Katolika babbar ibadarsu ba ta yiwuwa sai da gurasa da giyar inabi ta ainihi, wato abin da Kiristoci Hausawa suke kira jibin Ubangiji. Haka ma 'yan Episkofal da 'yan Lutheran da giya suke yi. Su kuwa 'yan Methodist da Baptist, waɗanda su ne ƙashin bayan masu neman haramcin, sun daɗe da komawa ruwan inabi mara barasa, tun bayan da wani likitan haƙori ɗan Methodist mai suna Thomas Welch ya gano a 1869 cewa idan ka dafa ruwan inabi ka rufe shi ba zai yi tsami ya koma giya ba, kamfanin Welch's ɗin nan daga nan ya samo asali. To ka ga su masu rubuta dokar ba su da buƙatar giya a cocinsu, amma sun ga abin da ya faru a Oklahoma, inda jihar ta yi dokar hana giya a 1917 ba ta ware ta ibada ba, kamfanin jirgin ƙasa ya ƙi ɗauko wa Katolika giyar cocinsu, wani fada mai suna Urban de Hasque ya kai ƙara, kotun ƙolin jihar ta ba shi gaskiya a 1918. Wheeler bai son ya tsokano miliyoyin Katolika a ce gwamnati ta hana su ibada, saboda haka aka rubuta a cikin Volstead cewa giyar ibada halal ce a doka, mai lasisi zai iya yi ya sayar, amma sai ga fada ko fasto ko malamin Yahudawa ko wanda coci ta wakilta, kuma sai da takardar buƙata mai sa hannu.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne wani Bafaranshe, Georges de Latour, mai gonar Beaulieu da ya kafa a 1900 a kwarin Napa na Kalifoniya. Tun kafin haramci yana da alaƙa mai kyau da manyan limaman Katolika na San Faransisko kuma yana sayar musu da giyar coci, don haka da doka ta zo sai ta same shi a shirye da takardun amincewa. Maƙwabtansa suna rufe ƙofa suna sayar da ganguna, shi kuwa yana faɗaɗa gona, yana aika giya zuwa coci-coci a faɗin ƙasar, har yana sayen ta wasu irin su gidan Wente na Livermore ya sayar ƙarƙashin lasisinsa. Gidan giya na Concannon a Livermore ma da giyar coci suka rayu, haka San Antonio a cikin Los Angeles wanda wani Ba'italiye Santo Cambianica ya kafa a 1917, haka Brotherhood a jihar Niyok. Waɗannan duk har yau suna nan.

Ta ɓangaren Katolika abin ya zo da sauƙin sa ido, don suna da tsari daga sama zuwa ƙasa, bishop ya san fadansa, kuma a cikin coci ake shan giyar, kurɓi ɗaya. Ta ɓangaren Yahudawa ne lamarin ya rikice, kuma dalilin rikicewar yana da muhimmanci. Su tasu ibadar a gida ake yi, daren Juma'a maigida zai ɗaga kofi ya yi addu'ar shiga ranar Asabar, a Idin Ƙetarewa kuma kowa kofi huɗu zai sha. Kenan dole giyar ta bar wurin ibada ta shiga gidajen mutane. Sai gwamnati ta ce to malamin Yahudawa, wato rabbai, shi zai karɓo ya raba wa mabiyansa, har galan goma a shekara ga kowane gida. Matsalar ita ce Yahudawa ba su da wani shugaba ɗaya da zai ce wannan malami ne wannan ba malami ba ne, kuma ma'aikacin gwamnati ba shi da yadda zai tantance. Duk wanda ya zo da jerin sunaye ya ce ga mabiyana, sai a ba shi lasisi. Nan take malaman bogi suka cika gari, wasu ma ba Yahudawa ba ne sam, sunayen mabiyan kuma a kwafo daga littafin lambobin tarho ko a rubuta na matattu. Wasu majami'u na gaskiya ma sai suka ga mambobi suna ta ƙaruwa ba gaira ba dalili. Wani rahoto da majalisar coci-cocin Furotesta ta fitar a 1925 ya nuna giyar ibada da ake fitarwa daga rumbu ta ƙaru da kusan galan 800,000 tsakanin 1922 da 1924, ta doshi galan miliyan uku a shekara.

Ni a nan tausayin talakawan Yahudawa na gaskiya nake ji, don abin ya zo daidai lokacin da ƙyamarsu take tashe a Amurka, jaridar Henry Ford ta Dearborn Independent tana ta yaɗa ƙazafi a kansu, kowane malamin bogi da aka kama sai ya zama hujja a bakin maƙiyansu. Shi ya sa a 1922 wani babban malaminsu, Louis Ginzberg na makarantar horar da malaman Yahudawa da ke Niyok, ya zauna ya yi dogon nazari ya fitar da fatawa cewa ruwan inabi mara barasa ya wadatar a ibada. Manufarsa a rufe ƙofar gaba ɗaya a huta da abin kunya. Wasu suka bi, masu riƙo da tsohon tsari da yawa ba su yarda ba, daga baya gwamnati ta ƙara tsaurara sharuɗɗan lasisin.

Ƙofa ta biyu ta likita ce, ba zan daɗe a kanta ba don wuski ya fi tafiya ta nan fiye da giyar inabi. Likita mai lasisi na musamman yana da takardun gwamnati masu lamba, zai rubuta wa majinyaci abin da bai wuce kusan rabin lita na giya mai ƙarfi ba duk kwana goma, ka biya likita kamar dala uku ka biya mai kemis kusan haka. A 1921 aka yi dokar Willis-Campbell ta hana rubuta biya kwata-kwata, ta bar giyar inabi da iyaka, kusan lita ɗaya a kwana goma, kuma likita kada ya wuce takarda ɗari a cikin kwana casa'in. Likitoci suka ce majalisa ba ta isa ta koya musu aikinsu ba, aka je har kotun ƙoli, a 1926 ta goyi bayan majalisa. Ko Winston Churchill da mota ta buge shi a Niyok a Disambar 1931, likitansa Otto Pickhardt ya rubuta masa takarda cewa jinyarsa tana buƙatar barasa musamman lokacin cin abinci. Ban da wannan akwai abin da ake kira tonik, giyar inabi ce ake zuba mata wasu magunguna da sinadarin ƙarfe a sayar a kemis a matsayin maganin ƙarin jini da ƙarfin jiki, Paul Garrett mai giyar Virginia Dare ya yi irin wannan. Akwai kuma wadda ake zuba wa gishiri a sayar wa masu abinci don girki, da wadda ake mayarwa binega.

Amma duk waɗannan ƙananan ƙofofi ne idan aka kwatanta da ta uku, wato sashe na 29 na dokar Volstead, kuma nan ne ainihin labarin yake.

Sashen ya ce hukuncin dokar ba zai hau kan mutumin da ya yi ruwan tuffa ko ruwan 'ya'yan itace wanda ba ya sa maye don amfanin gidansa kawai ba. Me ya sa aka sa wannan? Saboda manoman karkara, waɗanda su ne suka kaɗa ƙuri'ar haramci, abin shansu tun kaka da kakanni shi ne ruwan tuffa da ake matsewa a zuba a ganga, kuma duk wanda ya taɓa ajiye ruwan ɗan itace ya san ba ya zama yadda yake, yis ɗin da ke jikin ɓawon da ke cikin iska shi zai cinye sukarin ya mayar da shi barasa, ba sai ka ƙara komai ba. Idan aka ce wannan laifi ne to rabin magoya bayan dokar sun zama masu laifi. Sai aka ware musu. To amma inabi ma ai ɗan itace ne. Hukumar haraji, wadda a lokacin ita ke kula da aiwatar da haramcin, ta bar maigida ya yi har galan 200 a shekara, wato lita ɗari bakwai da hamsin da 'yan kai, ka ƙiyasta jarka talatin irin mai cin lita 25 ɗin nan a gida ɗaya.

Saura tambaya ɗaya, shi wannan "ba ya sa maye" ɗin, da wane ma'auni za a auna shi, da rabin kashi ɗaya ɗin nan ko da wani abu daban? Wani ɗan majalisar tarayya daga Baltimore mai suna John Philip Hill, wanda yake adawa da haramcin, ya ce sai an fayyace. Ya yi giyar tuffa da ta inabi a gidansa, ya sanar da hukuma da bakinsa ya ce a zo a kama shi. Aka gurfanar da shi a 1924, alƙali ya ce a kan abin da aka yi a gida ba a amfani da ma'aunin rabin kashi, sai gwamnati ta tabbatar cewa abin yana bugarwa a zahiri, masu taya alƙali yanke hukunci kuma suka wanke shi duk da giyar tasa ta kai kusan kashi 12 cikin ɗari. Abin da Hill yake so ya nuna shi ne rashin adalcin, kuma ina ganin ya nuna, biya mai kashi uku ko huɗu da lebura yake sha bayan ya tashi daga masana'anta laifi ce, amma giya mai kashi goma sha biyu da aka yi a gida ruwan 'ya'yan itace ce a idon doka.

Yanzu ka duba abin da wannan ya yi wa kasuwa. Manoman inabi na Kalifoniya da farko sun ɗauka tasu ta ƙare, wasu har sun fara tumɓuke kurangar suna dasa wasu itatuwa. Sai ga dillalai daga gabashin ƙasar sun zo da kuɗi a hannu. Birane irin su Niyok da Boston da Shikago cike suke da baƙin haure daga Italiya da Girka da gabashin Turai, mutanen da a ƙasashensu giyar inabi abin cin abinci ce kuma kowane gida ya iya yi. Tan ɗin inabi da ake sayarwa dala goma zuwa ashirin kafin haramci ya haura dala ɗari. Kowa ya koma dasa inabi, cikin 'yan shekaru faɗin gonakin ya kusa ninkawa. Idan kaka ta yi, watan Satumba da Oktoba, taragon jirgin ƙasa dubbai masu ƙanƙara suke tasowa daga Kalifoniya su ƙetare ƙasar, a tashoshin kaya na Newark da kewaye a buɗe ƙofar tarago a yi gwanjo nan take, daga nan 'yan kura su ɗauka su shiga unguwanni. Magidanci zai zo ya ɗaga murfin akwatin katako ya duba ko ya fara ruɓewa, ya ɗanɗana ƙwaya ɗaya ya ji zaƙi, ya sayi akwati ashirin ko talatin, a sauke a ɗakin ƙasa inda injin matsa da ganguna suke, yara suna ɗauko akwati manya suna juya injin, bayan kwana biyu ganga ta fara kumfa unguwa gaba ɗaya ta ɗauki warin tsami, kwatoci su yi ja da tuƙar da aka zubar. Babu ko ɗaya a cikin wannan da ya saɓa doka, sai ranar da mutum ya sayar wa maƙwabcinsa kwalba, kuma da yawa sun sayar.

Wani abin lura shi ne irin inabin da kasuwar take so. Inabin da ke yin giya mai daraja ƙanana ne masu siririn ɓawo, ba sa jure tafiyar mako guda ko fiye a jirgi. Wanda ya yi tashe shi ne wani iri mai suna Alicante Bouschet, ɓawonsa mai kauri ne ba ya fashewa, kuma har tsokarsa ja ce, saboda haka bayan matsa ta farko sai mutum ya zuba ruwa da sukari a kan tuƙar ya sake samun wata giyar mai launi, wani ma har sau uku. Manoma suka riƙa sare iri masu kyau suna ɗaura wannan a kai. Ta wannan cinikin ne wani Ba'italiye mai suna Cesare Mondavi, wanda yake zaune a garin masu haƙar ƙarfe a Minnesota, 'yan uwansa suka riƙa aikensa Kalifoniya sayo musu inabi, har ya kwashe iyalinsa ya koma garin Lodi a farkon shekarun 1920 ya zama dillali, 'ya'yansa Robert da Peter suna buga ƙusa a akwatunan.

Kamar kowace kasuwa da kowa ya ruɗa a cikinta, inabi ya yi yawa, daga wajen 1926 farashi ya faɗi warwas, manoman da suka ci bashi suka sayi gona da tsada suka shiga uku. Daga neman mafita ne aka fito da abin da ya fi komai suna a wannan tarihin, wato tubalin inabi. Ana ƙafar da ruwan inabi a busar a dunƙule shi kamar tubali, a naɗe a takarda a sayar a kanti, shahararren cikinsu shi ne Vino Sano daga San Faransisko. A jikinsa sai a rubuta gargaɗi, wai idan ka narkar da shi a galan ɗin ruwa kada ka zuba a tulu ka ajiye a kabad har kusan mako uku don zai koma giya, kuma idan kana so ka hana hakan ga sinadarin da za ka zuba. Kowa ya gane cewa gargaɗin shi ne umarnin yadda ake haɗawa, amma a takarda mai kanti ruwan inabi ya sayar.

Na Vine-Glo ya ma fi wannan. A 1929 manyan masu inabi suka haɗu suka kafa kamfani mai suna Fruit Industries, suka fito da kakkauran ruwan inabi mai suna Vine-Glo, kala-kala da sunayen shahararrun giyoyi, za a kawo maka ƙaramar ganga har gida, ma'aikacin kamfani ya haɗa maka, bayan kamar kwana sittin ya dawo ya tace ya ɗura a kwalabe. Da wane kuɗi suka yi? Da bashin miliyoyin daloli daga hukumar tallafa wa manoma ta gwamnatin tarayya da aka kafa zamanin shugaba Herbert Hoover. Lauyarsu kuma ita ce Mabel Walker Willebrandt, matar da daga 1921 zuwa 1929 ita ce mataimakiyar antoni janar mai kula da gurfanar da masu karya dokar giya, wadda ta tura mutane da yawa gidan yari. Wannan ya ƙona wa masu goyon bayan haramci rai ƙwarai, kuma ni ma ina ganin suna da gaskiya, don gwamnati ɗaya ce take ɗaure wanda ya sayar da kwalba take kuma ba da jarin kai ganga gida-gida. A 1931 wata kotun tarayya ta yanke hukunci a kan wani kamfani mai irin wannan sana'a cewa sayar da kayan da ka san don yin giya ne laifi ne, daga nan Fruit Industries suka janye hidimar tasu.

Ni dai ba mai kare giya ba ne, kuma ba na raina mutanen da suka yi wannan gwagwarmaya, musamman matan da suka ga mazajensu suna shanye albashi a mashaya su dawo gida da duka, ƙungiyarsu ta Woman's Christian Temperance Union tun 1874 take wannan yaƙin. Damuwarsu gaskiya ce, kuma a shekarun farko shan giya ya ragu sosai, mutuwa ta ciwon hanta ma ta ragu. Abin da ba zan iya kau da kai daga gare shi ba shi ne wanda nauyin ya faɗa wa. Mai gona yana da gangarsa, mai kuɗi yana da rumbunsa da likitansa, wanda ya iya matse inabi kuma yake da ɗakin ƙasa ya tsira. Wanda ba shi da ko ɗaya shi ne ya koma sayen ta bayan fage, ita kuwa sau da yawa barasar masana'antu ce da aka sato, wadda gwamnati ta wajabta a zuba mata guba irin su methanol don kada a sha, aka kuma ƙara ƙarfin gubar wajen 1926 da 1927. Babban likitan binciken gawa na Niyok, Charles Norris, ya fito fili ya soki gwamnati a kan gawarwakin da ake kawo masa. A 1930 kuma wani gurɓataccen tonik na citta da talakawa suke sha ya shanye wa dubban mutane ƙafafu. Ba 'yan majalisa ba ne suka makance ko suka gurgunce.

Abin da ya kashe dokar a ƙarshe ya haɗa da kuɗi. Kafin a fara karɓar harajin kuɗin shiga a 1913, harajin giya yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin tarayya, samuwar sabon harajin ne ma ya sa aka iya haƙura da na giyar. Da tattalin arziki ya durƙushe a 1929 sai lissafi ya juya, ana neman haraji ana neman aikin yi. Franklin Roosevelt ya ci zaɓen 1932 da alƙawarin sokewa, a watan Afrilun 1933 aka halatta biya mai kashi 3.2, a Disamba jihar Utah ta zama ta 36 da ta amince da gyara na 21 wanda ya soke na 18, shi kenan. Amma an bar wa kowace jiha ta yi yadda take so, Mississippi ba ta sake ba sai 1966, kuma har yau akwai ƙananan hukumomin da ba a sayar da giya a cikinsu.

Ita kuwa sana'ar giyar inabi ta fito a jigace. Kalifoniya tana da gidajen yin giya fiye da 700 kafin haramci, ƙalilan ne suka kai labari, ganguna sun bushe sun tsage, ƙwararru sun mutu ko sun canza sana'a, gonaki kuma cike da Alicante da irinsa. Jama'a sun saba da mai zaƙi mai ƙarfi mai arha, irin wadda ake ƙara wa barasa, ita ce ta riƙe kasuwa har zuwa ƙarshen shekarun 1960. Waɗanda suka fara da ƙafar dama su ne masu lasisin coci, don su suna da tsohuwar giya a rumbu da ma'aikatan da hannunsu bai manta ba, de Latour ma a 1938 ya je Faransa ya ɗauko wani masani ɗan asalin Rasha, André Tchelistcheff, wanda ya koyar da masu sana'ar da yawa a Napa. 'Ya'yan dillalan inabi su ma suka shigo, Ernest da Julio Gallo suka buɗe nasu a Modesto a 1933, Robert Mondavi ya buɗe nasa a Napa a 1966. Izinin galan 200 na gida kuma ba a taɓa soke shi ba, yana nan a dokar tarayyar Amurka ga duk gidan da ke da manya biyu ko fiye, muddin ba sayarwa za su yi ba.